Motar da Kaka Ta Kira Ƙafarta

Mu shida ne a gidan. Mahaifina, Malam Yohanna, ma'aikaci ne a sashen sigina na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Mahaifiyata, Rifkatu, malama ce a makarantar firamare. Sai ni, Ishaku, da ƙanwata Talatu, da autanmu Bulus. Ta shida ita ce Kaka Kande, mahaifiyar mahaifina, wadda aka ɗauko daga ƙauyenmu da ke bayan Godogodo a shekarar da gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Akwai kuma mutum biyu da labarin ba zai tafi ba sai da su: Kawu Dauda, ƙanin mahaifiyata, soja a Legas, wanda ya kawo motar, da maƙwabciyarmu Maman Audu, wadda ta fara furta kalmar da ta lalata kome.

A kwatas ɗin ma'aikata muke zaune, a ƙarshen shekarun 1970. Ɗakin Kaka yana bayan madafa, kuma iyakar duniyarta ita ce tazarar da ke tsakanin ƙofar ɗakin da murhun tsakar gida. Da safe ta ja ƙaramar kujerarta ta fito, da dare ta ja ta ta koma. Shingen kwano ya kewaye wurin, ba ta ganin kome a bayansa sai kan bishiyar mangwaro da hayaƙin jirgi. Wannan mace ce da ta yi shekaru tana noman acca da citta a kan gangaren dutse, tana zuwa kasuwa da ƙafa ta dawo kafin kaji su shiga akurki. Yanzu jirage suna wucewa gabas da kudu a kunnenta kullum, ita kuwa ko bakin titi ba ta iya kaiwa. Ban taɓa jin ta yi gunaguni ba. Abin da takan ce kawai, idan jirgin kaya ya yi dogon kuka, shi ne, "Wannan ma ya tafi ya bar ni."

Abin da ya rage mata shi ne maraice. Da an gama cin tuwo, mahaifiyata takan bar mata itace biyu a murhu, mu kuma mu kewaye ta, har da 'ya'yan maƙwabta. Tana gasa mana gyaɗa a toka, ko gwaza idan lokacinta ne. Sai ta gyara zama ta ce, "Na ɗauko kaya." Mu amsa, "Sauke, Kaka." Idan ta kai ƙarshe ta ce, "Kaya ya ƙare, saura gammo," sai kowa ya san lokacin barci ya yi. Rabin labarin da yarenmu take ba da shi, rabi da Hausa saboda yaran da ba sa jin yaren. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta bambanta namiji da mace. A bakinta yarinya "ya tafi" kuma sarauniya "ya yi fushi". Na yi shekaru ina koyon daidaita irin waɗannan jimloli, amma ban sake jin wanda ya riƙe yara da murya kamar yadda take riƙe mu ba.

Sai talabijin ya shigo gida. Mahaifina da mijin Maman Audu suka haɗa ƙarfi, kowa ya sayi akwatinsa mai hoton baƙi da fari, amma eriya ɗaya suka kafa, domin tashar talabijin ɗin tana can nesa bayan duwatsun Jos, sai eriya ta yi tsawo sosai take kamo ta. Aka haɗa gora biyu aka ɗaure, aka kafa su a tsakar gidanmu, dab da ɗakin Kaka. Waya ta sauko daga sama ta bi ta kan rufin ɗakinta, ta rabu biyu: ɗaya ta shiga falonmu, ɗaya ta ƙetare shinge zuwa falon maƙwabta. Tashar ba ta buɗewa sai da yamma. Wato daidai lokacin Kaka.

Ba a yi wata ɗaya ba murhu ya zama nata ita kaɗai. Muna zaune a siminti a falo, manya a kujeru, wasu a taga, ana kallon labarai da wasan kwaikwayo da 'yan dambe. Idan mutum ya je madafa shan ruwa, yakan hango ta ta taga, tana juya gyaɗar da ba mai ci.

Da Kirsimeti Kawu Dauda ya zo hutu, ya kawo wa Bulus wata jar mota ta wasa, tsawonta bai wuce takalmin babban mutum ba. Ba igiya, ba waya. Wani ɗan akwati ne mai maɓalli biyu da siririyar eriya kamar tsinken tsintsiya. Ka danna daga inda kake, motar ta tashi. Kwatas duka ya zo kallo. Kafin Kawu ya koma, Bulus da Talatu sun yi faɗa a kanta har an fasa leɓe. Mahaifiyata ta ƙwace ta da ɗan akwatin da ragowar baturan da Kawu ya bari, ta kai wa Kaka ta ce, "Mama, ajiye wannan a kwandonki. Ke ce kaɗai ba za su yi wa wayo ba."

Ban san ranar da Kaka ta fara danna maɓallin ba. Abin da na sani shi ne wata yamma muna kallo, sai hoton ya watse. Layuka baƙi da fari suka riƙa gudu a karkace, kan mai karanta labarai ya rabu da wuyansa, akwatin ya kama ƙara kamar ana soya ƙosai. Ya gyaru, ya sake watsewa, ya gyaru, ya sake. Manya suka zauna suna tsaki suna jira. Mu yara muka gaji muka fita tsakar gida. A can muka tarar da jar motar tana kewaya murhu, Kaka ta ɗaura mata gwangwanin kifi a sama, cike da gasasshiyar gyaɗa. Ta turo ta har gaban Bulus, ta tsayar.

"Ɗiba, maigida," in ji ta. "Ƙafata ce na aiko. Wancan biyun sun yi ritaya."

Muka zauna. Ta ce ta ɗauko kaya, muka ce ta sauke.

Haka abin ya ci gaba kusan kowace yamma. Hoto ya watse, mu fita, mu tarar da Kaka da ƙafarta. Tana ba da labari tana aika motar: ta kai wa wannan gyaɗa, ta tunkuri ɗan yatsan wanda ya fara gyangyaɗi, ta zama kura idan labarin yana bukatar kura. Da rana takan jera baturan a kan turmi su sha rana, domin ta yi imani hakan yana ƙara musu rai. Ba wanda ya haɗa abu biyun nan a ransa. Wanda ke falo ba ya ganin motar, wanda ke bakin murhu ba ya ganin hoton.

Mahaifina ya sha wahala. Ya juya gora gabas, ya juya ta arewa, ya sauke eriyar ya kankare tsatsa, ya sake waya. Ya kira mai gyara, aka yi rashin sa'a ya zo ranar da baturan suka yi sanyi, hoto ya fito tas daga farko har aka rufe tasha. Ranar kuwa ba mu fita ba, Kaka ba ta ba da labari ba. Maman Audu ta lura da wannan. Washegari na ji ta a bakin famfo tana cewa da wata mata, "Ni fa ban ce kome ba. Amma ki sa ido. Da tsohuwar nan ta buɗe baki, hoto ya tafi. Ranar da ta yi shiru, ga shi kamar madubi. Kuma wayar ta kan ɗakin wa ta bi? Mijinta ai shi ke riƙe da dodon ƙauyensu har ya mutu."

Gaskiya ne kakanmu ya mutu a addinin gargajiya, kuma Kaka ba ta yi baftisma ba sai da ta tsufa. Gaskiya ne kuma ba ta zuwa sujada, domin ba ta da ƙafar zuwa. Aka haɗa waɗannan, aka sami kalma ɗaya: mayya. Matan zumunta na majami'armu suka daina shigowa gaishe ta bayan addu'a. Aka hana 'ya'yan maƙwabta cin gyaɗarta, daga baya aka hana su zuwa gaba ɗaya. A makaranta wata yarinya ta ƙi zama benci ɗaya da Talatu. Muka rage mu uku a bakin murhu.

A waɗannan kwanakin ne Kaka ta ɗauko wani labari da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce a zamanin da mutanenmu ke zaune a kan dutse, wuta ɗaya ce a garin duka. Tana cikin wani kogo, kuma an rantsar da wata tsohuwa ta tsare ta. Tsohuwar ba ta zuwa gona, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa makoki, domin idan ta juya baya wutar ta mutu, garin ya mutu. Amma ba ta kaɗaita ba. Kowace yamma kowane gida yakan aiko yaro da fasasshen kasko ya ɗebi garwashi, kuma kafin ta zaɓar masa mai kyau, yaron zai zauna ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata. Ana nan sai wani mafarauci ya dawo daga ƙasar kwari da ƙyastu: dutse da ƙarfe da audugar rimi. Ya nuna wa mutane, kowa ya koyi ƙyasta wutarsa a ƙofar ɗakinsa. Ciyawa ta rufe hanyar kogo. Ba wanda ya tuna ya hau ya kwance wa tsohuwar rantsuwarta.

"To, tsohuwan nan yana da aboki ɗaya," in ji Kaka, ta danna maɓalli motar ta ɗan yi tsalle. "Kwaɗo. Yana kwana a gindin tulunsa. Ya ce, kwaɗo, ni ba ni da hanya, kai kana da hanya. Sauka."

Kwaɗo ya sauka da rana, lokacin da mutane ke gona, ya bi gida-gida yana kwanciya a kan audugar kowa da jiƙaƙƙen cikinsa. Da yamma aka ƙyasta, aka ƙyasta, audugar ta ƙi kamawa. Yara suka ɗauki kasko suka sake hawa dutse. Tsohuwa ta yi murna, ta zaɓar musu garwashi a hankali, a hankali, don su daɗe. Amma a ƙasa mutane suka fara cewa ta yi wa wutarsu baki. Dattawa suka taru a gindin ɗorawa don su yanke abin da za a yi da ita.

A nan Kaka takan tsaya. Talatu ta ce, "Sai me suka yi mata?" Kaka ta ce, "Kayan nan da nauyi. Na ajiye a hanya, gobe mu ɗauka." Gobe kuwa sai ta sake farawa daga farko, ta ƙara wa kwaɗo wata dabara, ta sake tsayawa a gindin ɗorawa. Ba ta taɓa cewa saura gammo ba.

Wata yamma hoto ya watse ana tsakiyar labarai, falo cike da baƙi. Mahaifina ya fito tsakar gida ya kama gorar, mahaifiyata ta tsaya a tagar madafa tana leƙen falo tana gaya masa.

"Ya yi," in ji ta. "A'a, ya koma. Ya yi. Tsaya nan. Ya koma kuma."

Na ɗaga kai na ga mahaifina bai juya gorar ba ko kaɗan. Hannunsa yana kanta, amma idonsa yana kan babban yatsan Kaka. Ya saki gorar, ya matso bakin wuta. Da yarenmu ya yi magana, a hankali.

"Mama, ɗaga yatsanki."

Ta ɗaga. Daga taga aka ce, "Yawwa, ya yi, kada ka taɓa."

Kaka ta dubi ɗanta ido cikin ido. Sannan, ba wanda ya ce ta yi, ta mayar da yatsan ta danna. Motar ta tashi ta bugi takalminsa. Daga taga aka ce, "Ya koma."

Mahaifina ya tsuguna. "Tun yaushe kika sani?"

"Gwiwa ce ta mutu, Yohanna, ba kunne ba. Duk lokacin da ƙafata ta tashi, akwatinka yana tari. Idan ya yi tari, yara suna fitowa."

"Kin san abin da ake kiranki a kwatas ɗin nan?"

"Talatu ta gaya mini. Tana kuka."

"Kuma kika ci gaba."

"Kafin su kira ni haka, wa ke kirana da wani abu?" Ta kifa ɗan akwatin a cinyarta, ta rufe shi da hannu biyu. "Ka bar mini ƙafata. Sunan ba ya ciwo kamar yadda kake zato."

"Ke ba ya yi miki ciwo," in ji mahaifina. "Ina da yara a makaranta, Mama. Ana nuna su da baki. Kuma ba zan zauna a majami'a ina ji ana yi wa uwata addu'ar korar aljanu ba."

Ya daɗe a tsugune. Wuta tana cin itace, baƙi a falo suna kiransa. Na tabbata ya ga abin da ta gani: idan ya wanke sunanta, ya ɗauke mata mu, idan ya bar mata mu, ya bar ta da sunan. Babu ƙofa ta uku. Daga ƙarshe ya miƙa hannu. Ba ta ba shi ba, amma da ya zare ɗan akwatin daga ƙarƙashin tafinta, ba ta riƙe ba.

Ranar Lahadi bayan sujadar yamma ya tara maƙwabta a falonmu, ya kunna talabijin, ya ajiye motar a ƙasa. Ya bayyana musu cewa ɗan akwatin yana aika saƙo ta iska kamar yadda tasha take aikawa, kuma eriyar gora ba ta san bambanci ba, duk abin da ta ji sai ta zubo shi cikin waya zuwa gida biyun. Bai ce Kaka ta sani ba. Ya ce tsautsayi ne. Sannan ya miƙa wa Maman Audu ɗan akwatin ya ce ta danna da hannunta. Ta danna, hoto ya watse. Mijinta ya ce, "To, Maman Audu, ashe ke ce mayyar." Falo ya ɗauki dariya, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Maman Audu ba muguwar mace ba ce. Ta zagaya wurin Kaka da kwanon kunu, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ki gafarta mini, baki ne ya yi gaba da hankali."

Kaka ta ce, "Tashi, 'yata, ba kome. Yi sauri, za a fara wasan. Kada ki rasa farkon."

Aka kafa doka: mota sai ranar Asabar da rana, batura kuma a aljihun teburin mahaifina. Da ta koma hannun Bulus ba ta yi nisa ba. Ƙafa ɗaya ta cire a magudanar ruwa, daga nan ta zama abin turawa da hannu. Hoto ya zauna tas a gida biyun. Matan zumunta suka dawo gaisuwa, su yi addu'a a tsaye su wuce. Mu kuma muka koma simintin falo, dukanmu. Mahaifiyata ta ci gaba da barin itace biyu a murhu. Sau ɗaya Kaka ta roƙi a mayar da ita ƙauye, aka gaya mata abin da ta riga ta sani: damina ta rushe ɗakinta, kuma ba wanda zai ɗebo mata ruwa a can.

Wata yamma lantarki ya ɗauke, muka fita bakin murhu kamar dā. Ba gyaɗa a toka, domin ta daina gasawa. Na ce, "Kaka, tsohuwar kogon nan, me dattawa suka yi mata?"

Ta gyara bakin itace. Sannan ta ce, "Sun kama kwaɗon. Suka ga ashe ba baki ba ne, ruwa ne. Kowa ya rataye audugarsa a sama."

"Ita kuma fa?"

"Ba wanda ya hau ya duba, Ishaku. Ta yaya zan sani?"

Sai fitilun kwatas suka kama, aka ji muryar akwatin daga falo. Bulus ya riga kowa tashi. Kaka ta rasu a kakar wannan shekarar, ana yankan acca a ƙauye.

Shekaru bayan haka, a jami'a, na zauna a aji ana koya mana abin da mahaifina ya gano a tsaye da gora a hannu. Malamin ya zana shi a allo cikin tsabta: ƙaramar murya da ke kusa tana iya danne babbar murya da ke nesa, idan eriya ɗaya ce ke sauraronsu. Ya kira abin katsalandan, ya koya mana yadda ake tace shi a zubar. Na rubuta, na ci jarrabawa. Amma tun daga lokacin nake tambayar kaina wane ne ya shiga zangon wani a gidanmu. Muryar Kaka ce ta riga zama a wannan sa'a ta maraice. Daga bayan duwatsu aka zo aka hau kanta. Da ta rasa yadda za ta yi, ta amsa da abin da ke cinyarta, kuma ta gaya mana gaskiya kowace yamma, a fili, da kwaɗo da auduga, muna cin gyaɗa muna jiran ƙarshe. Ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne kada a zargi mutum ba hujja. Yanzu na ga wannan shi ne ɓangaren da dattawan suka iya. Sun wanke ta, sun rataye audugarsu, sun koma gida da zuciya fara. Rantsuwar ce ba wanda ya hau ya kwance.

Mahaifina bai yi kuskure ba, kuma har ya tsufa bai sake ambaton motar ba. Na yi ƙoƙarin rubuta labaran Kaka da Hausa mai kyau, na tarar waɗanda ta ba da su da yare sun tsere mini, domin yaren ma ya tsere.

Jar mota ɗaya. Kwaɗo ɗaya. Harshe ɗaya a bakin jikoki uku. Tsohuwa biyu, ɗaya a kogo, ɗaya a bayan madafa. Gammo ɗaya da ba a sauke ba.